Rabin Irin Sodangi

A Gatawa, in mutum ya tashi da safe cikin farin ciki kuma yana so ya wuni da abinsa, to ba ya bi ta ƙofar gidan Sodangi. Ba don mutumin yana da faɗa ba, ko kaza bai taɓa daka wa tsawa ba. Abin da ke akwai, ka ce masa matarka ta haihu, sai ya yi maka barka da zuciya ɗaya, sannan ya tambaye ka ko ka ji bana ƙyanda ta yi yawa a Unguwar Lalle. Ka nuna masa sabon jakinka, sai ya zagaya shi sau biyu, ya ɗaga masa ƙafa, ya ce Allah ya sanya alheri, amma mai irin wannan kofato ba ya ganin damina biyu. Maganarsa guda ce kan kowane abu, tun daga auren 'yar maƙwabci har sabuwar rijiya: "Ba za shi yi ba."

Matarsa Tasalla ta shekara talatin da ɗaya tana jin wannan magana, ita ma amsarta guda ce: "Allah na nan, Malam." Shi kuma sai ya ja tsaki ya ce ai bai ce ba ya nan ba. Haka suke tun tana amarya, har 'ya'yansu mata suka yi aure, ɗansu Wada ya tafi kudu cin rani ya zarce. Mata sukan ce mata ai ta saba. Ba ta saba ba wallahi, ta dai gaji da nuna gajiyar ne.

Abin da ya fi sa ta jin kunya shi ne sha'anin shuka. Sodangi yana da wani irin gero da ya gada daga kakansa, wanda ya yi noma a Alkalawa, gero ne mai gajeriyar zangarniya da ke nuna da wuri, ba a samunsa a kasuwa. Kowace kaka sai ya zaɓi zangarnun da suka fi cika, a sussuke, a cuɗa da toka, a zuba a wani tsohon tulu, ya liƙe bakin da laka. In ruwan shuka ya sauka, gari duk ya fita da sungumi, shi sai ya fasa lakar, ya auna irin, ya raba shi biyu daidai, ya mayar da rabi cikin tulu ya sake liƙewa. Rabin gona yake shukawa. Sai an yi ruwa na biyu, wani lokaci na uku, sannan ya fito da sauran. Dalilinsa kuwa, shukar farko ba za ta yi ba. To, shekara nawa shukar farko tana yi! Geron mutane ya kai gwiwa, rabin gonar Sodangi na nan ƙwal kamar kan da aka yi wa aski, mata na tambayar Tasalla a bakin rijiya ko filin idi mijinta ke shirin buɗewa.

Sai fari ya zo, shekara biyu a jere. Gulbi ya koma yashi. Rumbuna suka zama ɗakin ɓeraye, ɓerayen ma suka gaji suka bar su. Mata suka shiga daji neman anza, 'ya'yan itacen nan masu ɗaci da sai an jiƙa su kwana da kwanaki ana sauya ruwa kafin a iya kai su baki. Fulani suka yi kudu da abin da ya rage na shanunsu. Kai ka ce Sodangi zai sarara, tunda abin da ya daɗe yana faɗa ya tabbata. Ina. Cewa ya yi wannan somin taɓi ne. Ran da aka fita roƙon ruwa yana sahun gaba, ya yi amin da ƙarfi kamar kowa, amma a hanyar dawowa ya ɗaga kai ya ce wa liman iskar nan ba ta ruwa ba ce. Liman, mutum mai haƙuri, ya roƙe shi ya riƙa yin shiru ko don albarkar addu'a.

Mutane da yawa sun riga sun cinye irinsu, wasu kuma sun zuba shi ƙasa sau biyu sau uku ya ƙone. A tulun Sodangi kuwa akwai tiya huɗu cif. Babu wanda ya tsaya ya tambayi kansa yadda aka yi haka, har da Tasalla, don hankalinta yana kan abin da za ta ɗora a murhu.

Da bazarar shekara ta uku ta kama, Sodangi ya zaunar da ita, abin da bai saba yi ba, ya ce ya yanke shawara.

"Bana ba za ni shuka ba," in ji shi. "Ko ƙwara guda ba ta shiga ƙasa. Irin kakana ne, ba ni zuba ma kiyashi shi."

Ta tambaye shi me za su ci in kaka ta yi. Ya ce wace kakar?

Tasalla ta san abin da wannan ke nufi. In ba a shuka ba, babu sauran zama a Gatawa. Sai su naɗe tabarma su bi sawun waɗanda suka yi Gusau da Kano, ita da furfurarta ta je ta raɓe a zauren wani. Ta yi lallashi, ta kawo masa labarin shekarun da aka fid da rai kuma aka yi amfani, ta ce Allah na nan har bakinta ya bushe. Ta turo masa Maliki, maƙwabcinsu mai fatauci tsakanin Sabon Birni da Maraɗi, mutumin da ko rufin ɗakinsa ya faɗi sai ya ce an samu iska. Maliki ya zauna ya ce ai an ga hadari wajen Madarunfa, ruwa na hanya. Sodangi ya ce hadarin Madarunfa ya fi shekara biyu yana hanya, watakila a ƙafa yake tafe. Maliki ya fito yana share gumi, ya ce wa Tasalla ta yi haƙuri, shi kansa ya fara jin jikinsa ya mutu.

Shi ne ta bi motar kasuwa zuwa Isa, wurin yayarta Adda. Adda gwauruwa ce mai sayar da daddawa, bakinta kamar reza, kuma ta yi shekara ashirin gida ɗaya da surukar da ko Sallah aka yi sai ta ce ta bara ta fi, ta baɗi kuma ba za a kai ba. Ta saurari ƙanwarta tana mulmula daddawa, ba ta ko ɗago kai ba. Da Tasalla ta gama, sai Adda ta ce laifinta ne, ita ta ɓata shi. Shekara talatin yana jefo magana tana tarewa da hannu biyu, don me zai daina?

"Ki riga shi," in ji Adda. "In yac ce ruwa ba za shi zo ba, ki ce ko ya zo ƙasa ta mutu. In yac ce za a yi yunwa, ki tambaye shi wa za shi rage da ƙarhin ginin kabari. Irinsu ba su son a hi su. Uwar mijina sati biyu na yi mata haka, ta koma tana ba ni haƙuri."

Tasalla ta ce wannan ai kamar saɓo ne, mutum ya riƙa kiran mugun abu da bakinsa. Adda ta ce to ta koma ta ci gaba da abin da take yi, tunda yana aiki. Ta ƙulla mata daddawa uku da 'yar dusa a leda, ta rako ta bakin tasha.

Washegari da safe suna shan kunun dusa, Sodangi ya dubi sama ya ce, "Kin gani ko? Ko ƙyallen girgije babu."

Tasalla ta cije. "Na gani, Malam. Ni kam ina ganin ruwa ya ƙare ke nan a ƙasar ga. Gara ka kai sungumin nan maƙera tun suna son ƙarhe."

Ludayi ya tsaya a tsakanin ƙwarya da bakinsa. Ya jira. Ta san abin da yake jira, kalmomi ukun nan da ya saba ji kafin ya ja tsaki, ta hana shi su. Ya ajiye ludayin, ya dube ta kamar an sauya masa mata a Isa.

"To," in ji shi a hankali, "ba a dai ce ya ƙare ba."

Tasalla ta tashi da sauri ta shiga ɗaki, don kada ya ga dariyar da ta taso mata. Adda dai, Allah ya ja kwana.

Daga ranar ta kama aiki. Ya ce rijiyar unguwa ta kusa ƙafewa, ta ce ai gara ta ƙafe, masu sha ma sun kusa ƙarewa. Ya ce Wada ya kwana biyu bai aiko da saƙo ba, ta ce yaron da ya ga kudu me zai tuna da tsofaffi biyu masu cin anza. Wannan ta yi mata zafi a baki, ta wuni tana istigfari, amma ta ga amfaninta, don Sodangi ya tashi tsaye ya ce ɗansa ba haka yake ba, hanya ce dai ba ta da masu zuwa. Kafin kwana goma ya daina fara magana da safe. Ita ke farawa, shi ke tarewa. Bai iya ba da farko, abin tausayi, sai ya yi ta lalube kamar mai neman ƙofa a ɗakin da bai sani ba. Amma ya koya.

Sai dai mugun fata ma sana'a ce, ba a yin ta da ka. Tasalla ta gano haka da maganganunta suka ƙare, ta ga in tana so ta riƙa cin gardama dole ta samo hujja. Sai ta shiga duban abubuwan da ta shekara talatin tana jin yana lissafawa ba ta saurara ba. Ta lura shamuwa ta zo, amma biyu ne kacal, kuma ba su ɗauki ko tsinke sun kai kan kuka ba. Ta lura gawon gonarsu, wanda ke zubar da ganye in damina ta gabato da gaske, yana nan da ganyensa kore shar. Ta tsaya kan ramin tururuwa ta ga ba su kwashe ƙwai zuwa tudu ba. Duk ta kawo masa, ɗaya bayan ɗaya. Ya ce shamuwa biyu ma shamuwa ce. Ya ce gawon nan tsoho ne, ya fara mantuwa. Ita kuma in ta koma madafa sai ta ji abin ya tsaya mata a ƙirji, don ta san ba ƙirƙira ta yi ba, da idonta ta gani.

Gari kuwa ya ɗauka. Aka ga Sodangi zaune kan tabarmar Maliki, ana ba shi labarin hadarin Madarunfa yana gyaɗa kai. Wani ya nuna masa akuyar da ya sayo, fata da ƙashi, Sodangi ya ce ai da ta ga ɗanyar ciyawa za ta murmure. Liman ya ce addu'a ba ta faɗuwa ƙasa. Mata suka riƙa jan Tasalla gefe suna tambayar wane malami ta samu a Isa, ko yana yin na mazaje masu faɗa. Ba ta gaya wa kowa ba. Ranar da ta ga Sodangi ya ɗauko sungumi yana duba ƙotarsa, ta ji daɗi har cikin ranta, ta ce a zuci aiki ya yi.

Ruwan ya zo wata Laraba bayan la'asar. Hadari ya haɗo daga gabas, iska ta kwashe 'yan jinkayen da suka tsufa, aka yi ta tsawa kamar za a yi abin kirki. Ruwan da ya sauka bai kai a dafa tuwo a sauke ba. Amma ƙamshin ƙasa ya tashi, kuma mutanen da suka shekara biyu suna jiran wannan ƙamshi ba a yi musu maganar awo. Aka yi ta guɗa, tsofaffi na kuka.

Da sassafe Tasalla ta zagaya bayan gida, ta durƙusa ta tona ƙasa da hannu. Danshi ya tsaya a gaɓa ta biyu ta yatsanta, ƙarƙashinsa yashi ne busasshe mai ɗumi. Ta sha jin Sodangi yana cewa in danshi bai rufe tafi ya kai wuyan hannu ba, wannan ba ruwan shuka ba ne. Ta sauya wuri ta sake tonawa, ta samu daidai da na farko.

Ta same shi a tsakar gida ya fito da tulu, ya riga ya fasa lakar.

"Malam, wanga ruwa bai isa shuka ba. Na tona, ko yatsa bai ruhe ba."

Ya yi murmushi, irin na mai lallashin marar lafiya. Ya ce ƙasar bayan gida ce, ta sha taku, ta gona ta fi shan ruwa. Ya ce na biyu na nan tafe kafin kwana bakwai, shi ya ga alama. Ta ce to ya raba, kamar yadda ya saba. Ya ce rabawar nan ita ta hana su cika rumbu shekara da shekaru, bana gaba ɗaya za a shuka, daga kan iyaka zuwa iyaka.

Nan Tasalla ta ga ramin da ta gina. Gaskiya take faɗa yau, tsagwaronta, amma ita da kanta ta koya masa cewa duk abin da ta faɗa a yi masa gardama. Sai dabara ta faɗo mata, ta ce bari ta juya. In ta koma mai kyakkyawan fata, ai dole ya koma gidansa na jiya. Ta saki fuska, ta tafa hannu, ta ce ai kuwa gaskiyarsa, a shuke duka, bana sai an nemi inda za a zuba gero.

Fuskar Sodangi ta yi haske. Ya ce alhamdu lillahi, yau ya ji matarsa ta dawo. Ya ce ta shirya ƙwarya, bari ya kai sungumi maƙera a ɗaure masa ƙota ya dawo.

Ka ji fa. Ta bi ta gaba an tare, ta bi ta baya an tare, kuma ita ce mai taron duka biyun. Ta tsaya kan tulun tana jin haushin Adda, da haushin kanta, da haushin wannan sabon miji mai fara'a da ba ta san inda za ta kama shi ba. Ba ta taɓa sa hannu a tulun nan ba tun da aka kawo ta gidan. Ta waiga ƙofa. Ta ɗauko tiya ta cika ta, ta juye a wani tsohon kallabi, ta ƙulle tam, ta kai ɗaki ta cusa a ƙasan kwanonin jerenta, waɗanda rabon da a taɓa su tun bikin autarta. Ta tabbata zai gane, don Sodangin da ta sani ko tafi ɗaya ya ragu sai ya ji a hannunsa.

Ya dawo ya juye tulun a buhu, bai auna ba, bai ko leƙa ba.

Suka shuka gonar kaf a kwana biyu. Yana gaba yana saran ƙasa da sungumi, tana biye tana jefa iri tana rufewa da diddige. Har 'yar waƙa ta ji yana yi a maƙogwaro, mutumin da ko a bikinsu bai yi ba. Maliki ya biyo ta kan iyaka ya ɗaga hannu ya ce bana Malam Sodangi ya shigo gari. A rana ta biyar gero ya huda ƙasa, layi-layi, kore, daga wannan iyaka zuwa waccan. Shekara talatin da ɗaya ba ta taɓa ganin gonar a cike lokaci guda ba, kuma gaskiya abin ya yi kyau. Ta tsaya tana kallo ta ji kunyar kallabin nan ta kama ta, har ta yi niyyar in sun koma gida ta fito da shi ta ce mantuwa ta yi. Da suka isa ta dubi gawo daga nesa, ta ga ganyensa na nan, ta fasa.

Kwana bakwai suka cika, babu ruwa. Sodangi ya ce gobe. Kwana goma sha biyu, tsiron ya fara naɗe ganye da rana yana warwarewa da yamma. Sodangi ya ce geron kakansa yana da jimiri. A rana ta goma sha takwas aka yi wani yayyafi da bai jiƙa ko bayan jaki ba. Tasalla ta zauna a ɗaki kusa da kwanoninta, ta san in ta fito da ƙullin nan yanzu, mutumin da ta ƙera da hannunta zai kwashe shi ya kai gona kafin azahar. Ta bar ƙullin a inda yake. Kwana ashirin da huɗu, tsiron ya yi fari ya kwanta, iska ta bi ta rufe shi da yashi. Wanda bai sani ba sai ya rantse ba a taɓa sara a gonar ba.

Sodangi ya je ya gani ya dawo. Tasalla ta jira ya ce dama ya faɗa, sai ta tuna bana ba shi ya faɗa ba. Bai ce komai ba, ranar da washegari da wanshekaren washegari. Ya riƙa zama a gindin bango, tulun na kwance a gefensa da baki buɗe. A ce masa an yi haihuwa, ya ce Allah ya raya. Maliki ya zo da labarin wani sabon hadari, ya ce Allah ya sa. Shirun da liman ya roƙa ya samu, kuma babu wanda ya ji daɗinsa. Mutane suka koma kauce wa ƙofar gidan fiye da da. Tasalla kuwa ta riƙa ajiye masa magana a gaba kamar mai ajiye wa marar lafiya abinci, mai daɗi da marar daɗi, ko zai ɗauki ɗaya. Ta ce sama ta yi fari yau. Ta ce an ce anza ma ta ƙare a daji. Bai ɗauka ba. Ta yi kewar tsakinsa har abin ya ba ta mamaki.

Ruwan gaske ya sauka bayan kwana talatin da uku, da hantsi, babu tsawa babu hayaniya. Ya kama tun rana na gabas bai ɗauke ba sai da aka yi la'asar. Kwata ta cika, bangon wani ya zube. Da gari ya waye Tasalla ta zagaya bayan gida ta tona, hannunta ya nutse har ya wuce wuyan hannu yana neman gwiwa, ƙasa na nan da sanyinta. Ta ɗaga kai ta hango gawo ya fara zubar da ganye.

Garin ya yi tsit, ba kamar wancan karon ba. 'Yan tsirarun da ke da sauran iri suka fita ba guɗa. Saura suka tsaya a ƙofar gida suna kallon ƙasa mai laushi, ba su da abin zuba mata. Maliki ya ce za shi Maraɗi neman iri ko za a dace, ya faɗa a hankali, kamar shi ma bai yarda ba.

Ta tarar da Sodangi a inda ya saba, ya ɗora hannu kan tulu.

"Na kashe irin kakana, Tasalla," in ji shi.

Ta tsuguna kusa da shi.

"Na ga kin karaya, shi ya sa," ya ci gaba, bai dube ta ba. "Ni in na ce ba za shi yi ba, na san akwai mai cewa za shi yi, sai in samu ƙarhin ɗaukar sungumi. Da kinka bari, na duba gidan ga na ga in ban ce ba, babu mai cewa. Na so ki ga gonar a cike ko sau guda, ko hankalinki ya dawo."

Tasalla ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige. Ita tana can tana dariya a ɗaki tana sa wa Adda albarka, ashe shi jinyarta yake yi, kuma da abin da ya fi so a duniya ya biya. Ta so ta gaya masa komai, da Isa da daddawa da sati biyun surukar Adda. Ta dubi ƙeyarsa da ta rame, ta ga wannan labari babu abin da zai ƙara masa sai nauyi. Ta share ido da bakin zane ta shiga ɗaki. Ya ji ƙarar kwanoni.

Ta ajiye ƙullin a gabansa. Ya daɗe yana kallonsa kafin ya kwance. Ya ɗebi irin ya shinshina, ya hura tokar, ya sa ƙwara ɗaya a haƙori ya fasa.

"Yaushe?"

"Ran da kat tahi maƙera."

Ya ɗago ya dube ta, kallo mai tsawo, irin wanda ya yi mata ranar da ta ce ya sayar da sungumi. Ya auna ƙullin a tafin hannunsa. Leɓensa ya motsa sau biyu.

"Ba za shi yi ba," in ji Sodangi.

Ya ce lokaci ya ƙure, ruwan da ya makara haka da wuri yake ɗaukewa. Ya ce tiya guda a gonar nan ko kusurwa ba ta rufewa. Ya ce in ma ya fito, shi kaɗai zai nuna a duk karkarar, tsuntsayen jan-baki za su taru a kansa tun daga Isa har iyakar ƙasa, abin da suka bari fara ta ƙarasa. Yana lissafi muryarsa na ƙara ƙarfi, yana lissafi ya jawo faifai, ya juye irin a kai, ya baje shi, ya sa gefen hannu ya tsaga shi biyu. Ya duba ya ga ɗaya ya ɗan fi, ya mayar da 'yan ƙwayoyi ɗaya gefen. Ya ta da tulun zaune, ya zuba rabi a ciki, ƙarar zubarsa ba ta kai komai ba a cikin wannan babban tulu. Ya ce a samo masa laka.

"Allah na nan, Malam," in ji Tasalla.

Ya ja tsaki, dogo, mai lafiya.

"Ai ban ce ba ya nan ba. Ɗauko ƙwarya, rana na yi."

Laka kam ranar ba a nemanta, tana ko'ina a tsakar gida. Tasalla ta kwaɓa da kanta, ta liƙe bakin tulun, ta bi da yatsa ta toshe duk wata kafa, ta ƙara wani shafin a kai. Sannan ta juye rabin tiyar a ƙwarya ta bi bayansa, yana tafe da sungumi a kafaɗa yana gaya wa duk wanda suka gamu da shi cewa wahalar banza za su yi.